Pon ɗin Mele

Bana ma ruwan sama ya ɗauke tun gero bai gama fidda kai ba. Jiya da hantsi ina zaune ƙofar shago, zafin nan na ƙarshen damina yana dafa mutum cikin rigarsa, sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ta zo ta karya kwana a gabana. Tana juyawa na ji bayanta ya yi gurnani, gur-gur-gur, kamar cikin wanda ya wuni bai ci ba. Wallahi sai da carbi ya suɓuce mini. Shekara ta kusa talatin, amma kunnena bai manta wannan kuka ba. Da shi na zargi wani bawan Allah, na kuwa kusa kashe masa sana'a.

Ni mutumin Damagaram ne, sunana Issufu. Tsohona ya kawo mu Diffa ina saurayi, ya buɗe shagon nan na gishiri da sabulu da man gyaɗa. Abu biyu na gada wurinsa, shago da rashin yarda da mutane. Buhun da aka ɗinke bakinsa, tsohona ba ya saye sai ya soka masa ƙarfe ya ga abin da ke tsakiya. Ni ma haka na tashi. In ka ce mini rana ta fito, sai na leƙa.

Matata Fanna ƴar bakin kogin Komadugu ce, wani ƙauye gabas da gari. Yayanta Ba Kyari shi ne babba a gidansu, dogo, mai sanyin magana. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Afuno, wato Bahaushe da bakinsu na Barebari. Tare muke noman tattasai. Ƙasa da ƙarfin jiki nasa, taki da iri da mota nawa, in an tsinke an shanya a raba buhuna gida biyu.

Motar kuwa fara ce, ta yi aikin furoje, irin na ƙungiyoyin agaji, har aka gaji da ita kafin ta faɗo hannuna. Agogon kilomita ya zagaye ya mutu tun ban saye ta ba. Inji lafiya lau, sai hayaƙi kaɗan da safe. Cutarta ɗaya ce, kafewa. Tsakanin kwalta da ƙauyen akwai wani yashi mai zurfi da muke ce wa Rairayin Gawo, saboda gawo ɗaya da ke tsaye tsakiyarsa. Duk ran da ta shiga da kaya labarin ɗaya ne: ƙafar baya ɗaya ta tsaya cik kamar ba da ita ake ba, ɗayar ta yi ta wulwulawa tana haƙa wa kanta rami. Sai a sauko, a sauke buhuna, a rage iska, a saro kaba a shimfiɗa, a tura. Azahar da la'asar ɗin da na yi a inuwar gawon nan Allah kaɗai ya san iyakarsu. Wata shekara dashen da na ɗauko a bayan mota ya yanƙwane muna can muna tono.

Amma fa wannan cutar tana da amfaninta, kuma mutanen kwari sun san shi. In injin ban-ruwa ya mutu, sai a kwance kan famfon, a kafe shi a bakin gaɓa kusa da mota. A sa jak a ɗaga ƙafar baya ɗaya, a cire taya, a ɗaura jant, wato ƙarfen taya wanda ba roba a jikinsa. A zagayo bel ɗin injin niƙa daga jant zuwa famfo, a tada mota a sa giya. Ƙafar da ke sama ta yi ta juyawa tana jan ruwa, wadda ke ƙasa ko motsi. Sau biyu wannan dabara ta fid da mu, ni da Ba Kyari.

Mele shi ne makaniken da kowa ke kai wa. Rumfar kwano gare shi bayan tasha, gajeren mutum, ba ya son magana, hannunsa kullum baƙi da mai. Duk injin ban-ruwan da ya mutu daga nan har wajen Tumur, a kan amalanke ake kawo masa. Wata rana na kai masa motar na zauna ina ƙorafin gawo, sai ya fito daga ƙarƙashinta ya ce, "Malam Issufu, motarka ba ƙarfi ta rasa ba. Pon ne."

Pon shi ne ƙullin ƙarfen nan mai kamar kabewa da ke tsakanin ƙafafun baya, mutanen tsallaken kogi, su Maiduguri, su ce aksul. Ya tsuguna ya zana mini a ƙasa da sukundireba. Ya ce, "Naka, in ƙafa ɗaya ta sami sauƙi, duk ƙarfi can yake tafiya, wadda ta taka ƙasa mai tauri ba ta samun komai. Akwai wani iri, cikinsa da faifan ƙarfe masu matse juna. In ɗaya ta fara zamewa sai ya riƙe ta, ya ba ƴar'uwarta. Na ga irinsa a Maiduguri, cikin wata mota irin taka da ta yi hatsari."

Na ce, "In yana da kyau haka, me ya hana waɗanda suka ƙera motar su sa mata tun farko?"

Ya ce, "Wasu an sa, wasu ba a sa ba." Ya koma ƙarƙashin mota.

Wata biyu ina juya maganar. Lokacin ba a daɗe da karya darajar kuɗinmu na sefa ba, duk abin da aka ce ƙarfe ne sai ka riƙe baki in an faɗi kuɗinsa. Ba Kyari ne ya gaji ya ce, "Afuno, bayana ya tsufa da tura motarka. Ka bar gajeren nan ya yi aikinsa." Na sayar da sa ɗaya da nake kiwo, na damƙa wa Mele kuɗin a farkon damina. Ya kwance cikin pon ɗina ya naɗe a buhu ya tafi Maiduguri. Kwana goma ban yi barci mai daɗi ba.

Da ya dawo ya yi kwana uku a ƙarƙashinta, sannan ya aiko in zo. Na durƙusa na leƙa. Me zan gani? Kabewar nan tawa ta da, har da lotsawar da kututture ya yi mata a hanyar Bosso.

Na ce, "Mele, wannan ai tsohon ne."

"Kwanon naka ne. Cikin aka canja."

"Ina tsohon cikin?"

"Can na bar shi, da shi aka yi musaya. Ai na gaya maka."

Ya gaya mini kuwa, amma ranar sai na ji maganar ta yi wari. Ya ɗaga ƙafafun baya duka biyu, ya murza ɗaya da hannu, ɗayar ma ta bi ta. Ya ce, "Ka gani? Gefe ɗaya suke juyawa. Tsohon ba haka yake ba." Ni kuwa yaushe na taɓa tsayawa na ga yadda tsohon yake yi? Na ce ya buɗe in gani da idona. Ya ce, "In na buɗe, man da na zuba ya tafi, irinsa kuma babu a Diffa. In ma ka gani, me za ka gane?"

Kai, maganar nan ta soke ni! Na tada mota na tafi ko sallama ban yi ba. An ba ni buhu a ɗinke, kuma ba inda zan soka ƙarfe.

Washegari bayan la'asar sai ga Mele har gida, da ƙaramin galan a hannu. Muka zauna a zaure, Fanna ta miƙo ruwa ta bakin ƙofa ta koma. Ya ce, "Abu biyu suka kawo ni. Na ɗaya, wannan man, kada a zuba mata wani sai shi. Na biyu, dabarar nan taku ta bakin kogi. Kada ka sake ɗaga ƙafa ɗaya ka sa giya. Yanzu in ka yi, wadda ke ƙasa za ta tafi da motar. In dole ta yi, ka zo ka tambaye ni." Ya tashi, ya sa takalmi, ya sake juyowa ya ce, "Ƙafa ɗaya a sama, kada ka sa giya. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Yana fita na ce a raina, to fa! Hanya ɗaya tak da ni jahili zan gane an canja ko ba a canja ba, ita ce mutumin nan ya tako har gida ya toshe. Wanda ko gaisuwar Sallah bai taɓa zuwa mini ba. Daga ranar na daina shakka, na tabbata an cuce ni.

Damina ta fara da kyau, ruwa uku masu nauyi, gero ya kai gwiwa a kan tudu. Sai ta tsaya. Kullum da la'asar hadari ya haɗu daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya ta wani wuri, mata su fiddo kwanoni da tukwane ƙarƙashin indararo. Kafin magariba ya watse. Haka muka yi ta kallon sama har wuya ya gaji. Geron ya yi fari, ya naɗe ganye, aka saki awaki ciki.

A gida Fanna ta mai da tuwo sau ɗaya. Da safe kunu tsararo, kana ganin fuskarka a ciki. Da rana kwaɗon tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli, in an samu garin rogo daga tsallake a jiƙa. A ƙauye mata suna shiga tafkuna har ƙugu suna tono bado. Shago ya zama wurin zama, mutum ya shigo ya dubi buhun shinkafa ya daɗe, ya sayi gishiri ya fita. Esans, wato fetur, da ake kawowa daga tsallaken kogi shi ma ya ɓace, kwalaben masu sayarwa a bakin hanya duk wayam. Motar ta fi zama a ƙofar gida, kaji na kwanciya a inuwarta.

Sau uku na je ƙauye a wannan tsakanin, sau uku na wuce gawo ban kafe ba. Na ce ai ba kaya ne. Abin da na riƙe shi ne gurnanin da take yi duk lokacin da na karya kwana, gur-gur-gur. Na je na tsaya kan Mele na ce, "Ka ji abin da ka sa mini?" Ya ce, "Faifan ne suke goga juna. Zai ragu." Faifai! Na ce a raina tsohon ne aka mayar ba a ɗaure shi daidai ba.

Gero ya tafi, saura tattasai. Gida biyu, baki ya fi ashirin, duk ido yana kan ƴan fangulan nan na bakin kogi. Komadugu ta zo a makare, ja, siririya, can ƙasan gaɓa tsayin mutum biyu. Muka yi dashe, Ba Kyari yana tattalin esans kamar turare, ya tada inji da sassafe ya kashe kafin hantsi. Tattasai ya kama, ya fara fure. Sai ga saƙo ta bakin wani direban motar banda da ya fito daga Bosso: injin ban-ruwa ya mutu.

Na zuba wa mota jarkar esans da na ɓoye ta ƙarshe, na ɗauki bel da jant na tafi da safe. Injin ya ƙame, ko da ƙarfi ba ya murɗuwa. Abin da ya lalace sai Maiduguri, kwana goma in an yi sauri, tattasai mai fure kuwa kwana uku ba ruwa ya zube. Kwana biyu sun riga sun wuce. Ganye ya langaɓe kamar kunnen akuya marar lafiya, ƙasar fangali ta tsage, in ka taka da ƙafa ba takalmi sai ka ɗaga. Maƙwabtan gona biyar suka taru, kowa nasa injin da ƙyar yake isar sa.

Ba Kyari ya ce, "Afuno, ɗaga mata ƙafa, kamar bara waccan."

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Maganar Mele tana nan a kunnena, har yadda ya juyo a bakin zaure. Gaskiya zan faɗa, na wuce shekarun ƙarya: ba tausayin tattasai ne gaba a raina ba. So nake in kama Mele. Na riga na gani a idona, famfo yana ta zuba, mota tsaye cik, ga shaidu shida, in kwashe su sai bayan tasha. Kuma in na faɗi gargaɗin, Ba Kyari zai ce a fasa, don shi ya yarda da gajeren nan. Sai na ce, "To, a kawo jak."

Muka yi yadda muka saba. Mota a gefen gaɓa, ƙafar hagu a sama, jant a ɗaure, famfo a kafe ta gaba daidai ƙofar direba. Aka cusa ɗan guntun icce gaban tayar gaba, don cika al'ada kawai, tunda ba ta taɓa motsi ba. Ba Kyari ya tsuguna tsakanin jant da famfo, da sanda a hannu, don ya tare bel kada ya zame. Wurinsa ke nan kullum. Na shiga, na tada, na taka kuloc na sa giya. Ta madubi ina ganin farar hularsa. Ya ɗaga sanda ya ce, "Bismilla."

Na saki ƙafa.

Motar ta yi tsalle gaba. Na ji jak ya fice, na ji bayanta ya faɗi da wani ƙara, ƙarfe kan ƙarfe, injin motar ya mutu. Sannan na ji muryar Ba Kyari. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Innalillahi! Na fito da gudu. Jant ɗin ya sauka kan ƙafarsa ta dama, ya danne ta cikin ƙasa, famfo kuma ya rabe biyu. Mutanen nan biyar suka sa kafaɗa, da salati suka ɗaga bayan motar, na janye shi. Jini ya jiƙa mini riga har gwiwar hannu.

Aka tono jak, wani ya ɗauki kile, wato sufana, aka mai da taya. Aka ɗaure ƙafar da rawani, aka kwantar da shi a baya, su biyar suka hau suka riƙe shi. Da muka doshi Rairayin Gawo rana tana tsaka, yashi ya yi zafi ya saki, ga nauyin mutum shida, ba lokacin rage iska. Na ce yau kam a nan jininsa zai ƙare. Na shiga. Na ji ƙafa ɗaya ta fara zamewa, sai na ji kamar an kama motar ta baya an miƙa ta gaba. Muka wuce gawon, muka hau kwalta, ko tsayawa ba mu yi ba. Hawaye nake yi ina tuƙi. Sau biyu cikin awa ɗaya pon ɗin ya nuna mini Mele bai yi ƙarya ba.

A asibiti aka cire masa yatsu uku, ƙashin ƙafar kuma aka ɗaure. Kwana biyu sai ga Mele ya zo dubiya, ya wanke hannu har ya yi fari-fari. Ɗakin cike da mutanen ƙauye. Bai gama gaisuwa ba wani dattijo ya ce, "Mele, ka sa wa mutum abu irin wannan a mota, ba ka gaya masa ba? Da rai ya tafi fa?"

Mele ya juyo ya dube ni. Jira yake in buɗe baki. Ni kuwa na sami wani ƙuda a kan siminti na zuba masa ido. Da ya ga ba zan ɗago ba, sai ya ce, "Allah ya sawwaƙe, Ba Kyari." Ya fita. Kafin sati ya zagayo magana ta gama kwari: pon ɗin Mele ya ci ƙafar Ba Kyari. Amalanken da ke zuwa bayan tasha da injuna suka koma wurin wani sabon makanike a bakin kasuwa. Ina wucewa in ga Mele zaune kan tsohuwar taya, rumfa wayam, sai in kau da kai.

Tattasai kuwa bai jira kowa ba. Ranar da abin ya faru, da yamma, tsofaffin ƙauye suka ce a koma jigo, abin da aka bari tun zuwan injuna. Aka saro itatuwa masu rassa biyu aka kafa, aka gitta dogayen sanduna, aka ɗaura curin laka a gindi, guga a baki. Gaɓar ta yi tsawo, sai aka yi hawa biyu, na ƙasa ya zuba a rami, na sama ya ɗebe ya zuba a lambatu. Na rufe shago na tare a ƙauye, Fanna ma ta biyo ni. Ni da ban taɓa jan abin da ya fi buhun gishiri ba, na tsaya cikin laka daga fitowar rana, ja ƙasa, saki sama, juye. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, ya sake yi. Gumi yana shiga ido da gishirinsa, ciki ba komai sai kunu, in na sunkuya sai in ga kogin yana juyawa. Mata suna bin fangulan nesa da tulu da ƙwarya, suna zuba wa kowane tushe kamar ana ba jinjiri. Maƙwabta in sun gama nasu su zo su karɓe ni, suna cewa, "Wushe, sannu da aiki, Afuno, kai kam ka riƙe zumunci." Duk sanda suka faɗi haka sai in miƙa musu guga ban dube su ba.

Rabi muka ceto, rabi ya ƙone. Da sanyi ya shigo aka fara tsinka. Aka share fili aka baza, ja wur har inda ido ya tsaya, kowa yana atishawa, ido yana ruwa. Ba Kyari ya dawo da sanda, yana jan ƙafa, ya zauna kan tabarma yana duba masu cusa buhu. Aka raba gida biyu. Ranar da na kawo nawa Diffa na sayo shinkafa da nama, abin da muka yi wata huɗu ba mu gani ba. Fanna ta dafa, ta ajiye mini, ta koma gefe da ƙwaryar kunu.

Na ce, "Ke ba za ki ci ba?"

Ta ce, "Malam, ranar da Mele ya zo zaure, ban koma ciki ba. Ina bayan ƙofa ina tsince wake. Sau biyu ya faɗa maka." Ta kurɓi kunu. "Wata uku ina jira ka faɗa da bakinka. Ba zan tona mijina ba. Amma abin da ya fito daga tattasan nan ba zai shiga cikina ba, yayana yana jan ƙafa, wani kuma yana ɗauke da laifinka."

Shinkafar nan ban san wanda ya ci ta ba.

Na jira ranar kasuwa, lokacin da mutanen kwari suka cika gari da buhuna. Na bi su ɗaya-ɗaya, har dattijon nan na asibiti, na ce su raka ni bayan tasha akwai magana. Tsammani suke faɗa za a yi. Mele yana ƙarƙashin wata motar haya, ƙafafunsa kawai ake gani. Na tsaya na ce, "Jama'a, mutumin nan ya tako har gidana ya ce kada in ɗaga ƙafa ɗaya in sa giya. Sau biyu ya faɗa. Ni na ƙi, don ina zargin bai canja komai ba. Ban gaya wa Ba Kyari ba. A asibiti kuma na yi shiru. Mele, ka yafe mini."

Mele bai fito ba. Can sai muryarsa ta fito daga ƙarƙashin mota: "Da ka zo ka tambaye ni, da na ce ka ɗora ta kan kututture, ƙafa biyu sama. Da famfo ya yi ta ja har yamma." Sannan ya miƙo baƙin hannunsa waje ya ce, "Ba ni kile sha huɗu, ga ta nan kusa da ƙafarka." Na sunkuya na miƙa masa. Sati biyu bayan haka na ga amalanke a bakin rumfarsa. Shi ya ci gaba da duba mini motar har ta mutu, amma bai sake zana mini komai a ƙasa ba.

Saura Ba Kyari. Na san maganar za ta riga ni isa, duk da haka washegari na tafi. Na tarar da shi a bakin gaɓa inda abin ya faru, zaune, ya miƙe ƙafar, yana gyara igiyar guga. Jigon yana nan ba a tumɓuke ba. Na durƙusa na faɗi duk abin da na faɗa a tasha, na ƙara da wanda ban faɗa can ba, cewa na yi shiru ne don na san shi zai hana. Bai ɗago ba sai da ya gama ƙullin.

Yau jigo babu, injin esans ma yana ƙarewa, faifan hasken rana ake kafawa a gonakin da ake iya zuwa. Gonar nan tamu an yi shekaru ba a taka ta ba saboda halin rashin tsaro da bakin kogi ya shiga. Mele ya rasu, Ba Kyari ma ya rasu, da sandarsa a gefen gado. Amma abin da ya ce mini ranar, da muryarsa mai sanyi, yana nan kamar jiya.

Ya ce, "Afuno, wa ya ce maka zan hana? Tattasai na mutuwa, yara na jin yunwa. Da ka gaya mini, da na ce a gwada." Ya dubi ƙafar, ya dube ni. "Sai dai da na tsuguna ta baya, ba ta gaba ba."